Zaɓen Kifin Teku Don Ƙaramin Akwatin Gilashi: Darasi Ga Ɗaliban Tambuwal da Kebbe

Gabatarwa

Kifayen da ke zaune tsakanin murjani a ƙarƙashin teku suna daga cikin halittu mafiya kyawun launi. Akwai mai ruwan lemo da ratsin fari, akwai shuɗi mai rawayar wutsiya, akwai kuma wanda rabinsa shunayya rabinsa ɗorawa. Tun shekarar 2003, lokacin da fim ɗin zane na yara mai suna Finding Nemo ya fito a Amurka, yara a ƙasashe da yawa suka san waɗannan kifaye ta talabijin. Saboda haka ba abin mamaki ba ne idan ɗalibi a Tambuwal ko Kebbe, ko malamin ilmin halittu mai son raya ɗakin gwaje-gwajensa, ya yi sha'awar ajiye su a akwatin gilashi, wato abin da ake kira akwariyam.

Wannan sha'awa tana da amfani ga ilmi, kuma ta daɗe. Tun 1853 aka buɗe gidan nuna kifaye na farko ga jama'a a gidan namun daji na Landan. Sai dai kifin teku yana da tsada, kuma kuskure kaɗan yakan kashe shi cikin kwana ɗaya ko biyu. Wannan maƙala za ta bayyana dalilin haka, ta kawo sharuɗɗan zaɓen kifin da ya dace da ƙaramin akwati, sa'annan ta auna su da yanayin kudancin jihar Sakkwato. Ƙa'idar da za a bi guda ɗaya ce: ana fara duba irin ruwan da mutum zai iya tanadarwa, ya kuma riƙe shi ba tare da ya sauya ba, daga nan ne ake zaɓen kifi.

Ruwan Gulbi da Ruwan Teku

Tsakanin garin Tambuwal da gaɓar teku akwai fiye da kilomita 600. Ruwan da mutanen yankin suka saba da shi shi ne na gulbin Zamfara da ya ratsa ƙasar Kebbe, da na tafkin Romo, da na fadamu da rijiyoyi. Gulbin Zamfara yana gangarawa yamma ya haɗu da gulbin Sakkwato a jihar Kebbi, su zuba a kogin Kwara, shi kuma ya kai ruwan tekun Atlantika. A kan hanya ruwan yana narkar da ɗan gishiri daga duwatsu da ƙasa, amma bai kai a ji shi a harshe ba, domin a cikin lita ɗaya bai kai rabin giram ba. Idan ya isa teku, rana takan ɗauke ruwa ta bar gishiri. Da haka gishirin ya yi ta taruwa cikin miliyoyin shekaru, har ya zama a yau lita ɗaya ta ruwan teku tana ɗauke da kimanin giram 35, wato fiye da ninki 70 na ruwan gulbi.

Wani abin sha'awa shi ne, kifayen teku sun taɓa yin iyo a ƙasar Sakkwato. Kimanin shekaru miliyan 70 zuwa 55 da suka wuce, wani reshen teku ya ratso ta inda hamadar Sahara take a yanzu, ya rufe wani sashe na wannan ƙasa. Farin dutsen da ake haƙa a Kalambaina don yin siminti a ƙarƙashin wannan tekun ya taru. An tono haƙoran kifin shak a yankin, an kuma sami ƙasusuwan wata babbar dabbar teku mai kama da ƙadangare, wadda masana suka raɗa wa suna Goronyosaurus saboda garin Goronyo. Tekun ya janye tun da daɗewa, don haka mai son kifinsa a yau sai ya haɗa ruwansa da hannunsa.

Haɗa ruwan teku ya wuce zuba gishirin miya a ruwan rijiya. Kimanin kashi 85 cikin 100 ne kawai na gishirin teku yake irin na miya. Sauran ya ƙunshi sinadaran magnesiyam da salfet da kalsiyam da potasiyam da wasu da dama, kuma jikin kifi yana bukatarsu. Gishirin kasuwa ko na Bilma ko kanwa ba su maye gurbinsu. Masu kiwo suna sayen gishirin da aka haɗa musamman a masana'anta, su narkar da shi a tsabtataccen ruwa, su auna nauyin ruwan da ma'aunin da ake kira haidiromita, wanda ya kamata ya nuna tsakanin 1.020 da 1.026.

Yadda Jikin Kifi Ke Fama da Gishiri

Idan tantani marar kauri ya raba ruwa iri biyu, ɗaya mai gishiri da yawa, ɗaya mai kaɗan, ruwa yakan ratsa tantanin daga ɓangaren mai ƙarancin gishiri zuwa ɓangaren mai yawansa. Wannan shi ake kira osmosis. Ɗalibi zai iya gwada shi a gida. A yanka dankali gida biyu daidai da juna, a jiƙa ɗaya a ruwan sha, ɗaya a ruwan da aka cika wa gishiri. Bayan sa'a ɗaya za a tarar na farko ya yi tauri, na biyu kuwa ya yi laushi ya yanƙwane. Dalilin nan ne kuma ke sa ɗanyen kifi ya tsatso ruwa idan an barbaɗa masa gishiri.

Jinin yawancin kifaye masu ƙashi, na gulbi ne ko na teku, yana ɗauke da gishirin da ya kai kimanin giram 10 a lita, wato wajen kashi ɗaya cikin uku na ruwan teku. Kuma kowane kifi yana da jajayen gaɓoɓin numfashi a ƙarƙashin murfin da ke gefen kansa, inda tantani marar kauri kaɗai ya raba jininsa da ruwan waje. Ta nan iskar oksijin ke shiga, ta nan kuma ruwa ke ratsawa.

A ɗauki karfasa ta gulbin Zamfara. Jininta ya fi ruwan da take ciki gishiri, saboda haka ruwa yana ta shiga jikinta dare da rana. Maganin da jikinta ke yi shi ne, ba ta cika shan ruwa ba, ƙodarta tana fitar da fitsari mai yawa marar kauri, wasu ƙwayoyin halitta na gaɓoɓin numfashinta kuma suna tsamo ɗan gishirin da ke cikin gulbi su mayar cikin jini. Masani August Krogh na ƙasar Danmak ya tabbatar da wannan tsamowa a 1937.

Kifin teku kuwa akasin haka ne. Ruwan da ya kewaye shi ya fi jininsa gishiri wajen ninki uku, don haka ruwan jikinsa yana ta zurarewa waje. Yana cikin ruwa, amma kullum yana cikin ƙishirwa. A 1930 Homer Smith na Amurka ya nuna cewa kifin teku yana shan ruwan gishirin ne don ya rama abin da ya rasa. Shekara biyu bayan haka, a 1932, Ancel Keys da Edward Willmer suka bayyana ƙwayoyin halittar da ke fitar da rarar gishirin ta gaɓoɓin numfashi. Fitsarinsa kuwa ɗan kaɗan ne. Duk wannan aiki yana cin ƙarfin jiki, kuma an daidaita shi ne da wani ma'aunin gishiri tsayayye.

A nan ne bambanci mafi muhimmanci ga mai kiwo yake. Karfasar fadama ta saba da sauyi: ruwa ya yi jawur da damina, ya yi sanyi da hunturu, ya yi zafi ya ragu da bazara. Kifin murjani kuwa yana zaune ne a ruwan da gishirinsa da zafinsa ba su cika motsawa ba duk shekara. Jikinsa bai da juriyar sauyin gaggawa.

Matsalolin Ƙaramin Akwati

Mutane da yawa suna zaton ƙaramin akwati ya fi sauƙin kulawa. A wajen ruwan teku, ƙanƙantar akwati ita ke ƙara wahala, domin ruwa kaɗan ya fi saurin sauyawa. Ana sanin yawan ruwan akwati ta hanyar ninka tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa a santimita, a raba da 1,000. Alal misali, akwati mai santimita 60 da 30 da 35 yana cin lita 63. Abubuwa uku ne ke barazana ga irin wannan akwati.

Na farko shi ne ƙafewar ruwa. A ce an zuba lita 60 ta ruwan teku, wato akwai giram 2,100 na gishiri a ciki. Idan busasshiyar iskar hunturu ta ɗauke lita 6, gishirin yana nan yadda yake, ruwa kuwa ya koma lita 54. Yanzu kowace lita tana da kusan giram 39 maimakon 35. Da a akwati mai lita 300 aka rasa lita 6 ɗin, da gishirin bai kai giram 36 ba. Wannan lissafi yana koyar da wata ƙa'ida da sababbin masu kiwo ke yawan kuskurewa: ruwan da ya ƙafe da ruwa marar gishiri ake cike gurbinsa, kuma kowace rana, kaɗan-kaɗan.

Na biyu shi ne zafi. Kifayen murjani suna son ruwa mai digiri 24 zuwa 27 a ma'aunin Salshiyos. A ƙasar Sakkwato zafin rana yakan wuce digiri 40 a watan Afrilu, kuma ruwan da ke ɗaki mai rufin kwano yakan haura digiri 30 cikin sauƙi. Yayin da ruwa ke ƙara zafi, iskar oksijin da yake iya riƙewa tana raguwa, bukatar kifi gare ta kuma tana ƙaruwa. Bugu da ƙari, ruwan teku dama can bai kai na gulbi riƙe oksijin ba. A digiri 25, lita ɗaya ta ruwan gulbi takan riƙe kimanin miligiram 8.3, ta teku kuwa ba ta kai 7 ba. Shi ya sa na'urar hura iska da ta tace ruwa ba su hutawa. Idan wuta ta ɗauke a daren bazara, kifin yana iya mutuwa kafin gari ya waye. Wanda ba shi da sola da batir masu aiki ba yankewa bai shirya kiwon kifin teku ba.

Na uku shi ne amoniya, gubar da kifi ke fitarwa ta gaɓoɓin numfashinsa, wadda kuma ruɓaɓɓen abinci ke ƙarawa. A teku yawan ruwa yana sirka ta. A akwati kuwa sai wasu bakteriya masu amfani sun juya ta zuwa naitirait, wasu kuma su juya naitirait zuwa naitiret mai sauƙin illa. Sergei Winogradsky ne ya fara ware irin waɗannan bakteriya a wajajen 1890. Suna bukatar mako 4 zuwa 6 kafin su yawaita a kan duwatsu da yashi da matatar sabon akwati, don haka ba a sa kifi a ranar da aka zuba ruwa. Haka kuma amoniya ta fi dafi a ruwan teku, domin ma'aunin pH nasa ya ɗan wuce 8. Ko bayan akwati ya zauna, ana sauya kimanin kashi ɗaya cikin goma na ruwan kowane mako da sabon haɗi.

Sharuɗɗan Zaɓe

Wanda ya iya shawo kan waɗannan matsaloli uku, sai ya yi wa kowane kifi tambayoyi biyar kafin ya saya. Yaya girmansa zai kai idan ya balaga? Mai yawo ne ko mai zama wuri ɗaya? Yana zaman lafiya da maƙwabta? Zai ci busasshen abincin da ake sayarwa? A gidan kiwo aka ƙyanƙyashe shi ko daga teku aka kamo shi?

Kifin da ya fi cika waɗannan sharuɗɗa shi ne mai ruwan lemo da ratsin fari uku, wanda yara suka sani da Nemo, masana kuma ke kira Amphiprion ocellaris. Tsawonsa ba ya wuce santimita 11. Ba ya nisa da wurin da ya zaɓa, yana cin busasshen abinci, kuma tun shekarun 1970 ake hayayyafar danginsa a gidajen kiwo. Akwati mai lita 75 zai ɗauki guda biyu. A teku yana fakewa ne a jikin wata dabba mai harbi da ake kira animoni, amma a akwati yana rayuwa lafiya ba tare da ita ba, ita kuwa animoni tana da wuyar riƙo ƙwarai. Ga malamin ilmin halittu akwai ƙarin riba: dukansu suna fara rayuwa ne a matsayin maza, sai wanda ya fi girma a cikin rukuni ya rikiɗe ya zama mace.

Bayansa akwai ƙananan kifaye na dangin gobi, kamar Elacatinus oceanops mai shuɗin ratsi, mai santimita 5, wanda shi ma ake hayayyafarwa a gidan kiwo, da rawayan Gobiodon okinawae da bai kai santimita 4 ba. Akwai Gramma loreto na tekun Karibiyan, mai rabi shunayya rabi ɗorawa, mai santimita 8. Akwai kuma Nemateleotris magnifica mai jar wutsiya, amma shi gwanin tsalle ne, sai da murfi. A akwati mai lita 75 zuwa 100, kifi biyu ko uku sun isa, kuma ɗaya bayan ɗaya ake sa su, da tazarar makonni.

Waɗanda ba su dace ba suna da yawa, kuma kowanne da sharaɗin da ya faɗi a kansa. Shuɗin kifi mai rawayar wutsiya, Paracanthurus hepatus, ana sayar da shi yana ɗan ƙarami, amma yakan kai santimita 30, kuma mai yawo ne da ke bukatar ɗaruruwan litoci. Synchiropus splendidus ƙarami ne mai ado kamar atamfa, sai dai yawanci ba ya cin komai sai rayayyun ƙananan halittun ruwa, waɗanda ƙaramin akwati ba ya samarwa, don haka yunwa ke kashe shi a hankali. Wasu kifaye masu kama da malam-buɗe-littafi naman murjani kaɗai suke ci. Dangin damsel suna da juriya, amma masifaffu ne masu korar kowa daga yankinsu. Kifin zaki, wato Pterois, yana da ƙayoyi masu dafi, kuma yana haɗiye duk wanda ya shiga bakinsa.

Daga Ina Kifin Ya Fito?

Sharaɗi na biyar ya shafi teku kansa. Yawancin nau'o'in kifayen ado na teku har yau kamo su ake yi, musamman a Indonesiya da Filifin. Tun shekarun 1960 wasu masu kamu a Filifin suka fara fesa gubar sayanayid a ramukan murjani don kifi ya suma, abin da ke kashe murjanin ya kuma raunana kifin. Yawan kamu ya sa a 2007 aka sanya wani ɗan kifi na tsibiran Banggai a Indonesiya cikin jerin halittun da ke fuskantar ƙarewa. Kifin da aka ƙyanƙyashe a gidan kiwo bai ɗauke da wannan alhaki, ya saba da akwati, ya kuma fi jure doguwar tafiya a leda, wadda ba makawa sai ya yi ta kafin ya iso Sakkwato.

Haka nan kada a saki baƙon kifi a gulbi ko tafki. A 1985 aka fara ganin kifin zaki a gaɓar Fulorida, nesa da mahaifarsa, kuma masana suna danganta zuwansa da masu kiwon akwati. Daga baya ya bazu a tekun Karibiyan yana cinye ƙananan kifaye. Giwan ruwa ma da aka kai tafkin Biktoriya a shekarun 1950 ta taimaka wajen ɓacewar nau'o'in kifaye da yawa na tafkin. Kifin teku ba zai rayu a tafkin Romo ba, amma baƙon kifin ruwan daɗi yana iya rayuwa ya yi ɓarna.

Kifayen Gida

Tambayoyin nan biyar suna aiki a kan kifayen gulbin Zamfara ma, kuma a nan ne ya fi dacewa makaranta ta fara. Giwan ruwa, wadda ake tinƙaho da ita a bikin kamun kifi na Argungu tun 1934, takan kusa kai mita biyu, don haka ba ta cikin lissafi. Tarwaɗa tana shaƙar iskar sarari, tana da juriya ƙwarai, amma tana saurin girma tana cinye abokan zama. Tsage mafarauci ne. Minjirya tana iya sakin lantarki har bolt 350. Talibambam yana gatsar sauran kifaye. Gaiwa tana da ban mamaki, domin tana shiga laka ta kwana watanni idan ruwa ya ƙafe, tana rayuwa da tsokar jikinta, kamar yadda Hausawa suka daɗe da lura, amma takan kai mita ɗaya.

Waɗanda suka dace su ne 'ya'yan karfasa, a riƙe su zango ɗaya a mayar da su inda aka kamo su, da ƙananan kurungu, waɗanda wasunsu ke iyo a rigingine. Akwai kuma wani ɗan kifi mai santimita 4, mai ƙyalli a saman ido kamar fitila, Poropanchax normani. A 1928 aka fara bayyana shi a kimiyyance daga kogin Kiyawa kusa da Katagum, ana kuma samunsa a ruwayen yankin Kwara da Cadi. A yau ana sayar da shi a shagunan kifin ado na Turai da Asiya. Wajen samo kifi, ya fi kyau a nemi taimakon masunta maimakon ɗalibai su shiga kududdufi, kuma kada a ɗebo katantanwar ruwa, saboda cutar tsargiya.

Kammalawa

Hausawa na cewa daidai ruwa, daidai tsaki. Kifin teku yana bukatar gishiri na musamman, da ma'auni, da wutar da ba ta yankewa, da hanyar sanyaya ruwa lokacin bazara. Wanda ya tanadi waɗannan zai iya farawa da Amphiprion ocellaris guda biyu na gidan kiwo a akwati mai lita 75 ko fiye. Wanda bai tanada ba, asarar kuɗi da ta rai kawai zai yi. Shawara ga makarantun Tambuwal da Kebbe ita ce a fara da akwatin ruwan gulbi, a ba ɗalibai littafi su riƙa rubuta zafin ruwa safe da yamma, da yawan ruwan da ya ƙafe kowane mako, tun daga damina har ƙarshen bazara. Bayan shekara ɗaya, alkaluman da ke cikin littafin za su nuna ko ɗakin zai iya ɗaukar kifin teku, ɗaliban kuma sun riga sun koyi osmosis da numfashi da aikin bakteriya da idanunsu.